An biya kuɗin gashi, kuma ni na gasa

Juma'a, ƙarfe biyu da rabi na dare. Shigowata ke nan, rigata sai ƙaurin hayaƙi take yi kamar na kwana a rumfar mai tsire.

Tun zuwana Seoul yaron nan ɗan Koriya da muke karatu tare yake nacin sai ya kai ni cin gashi. Hyung yake kirana, wato yaya, don na ba shi shekara huɗu. Yau dai na ce to. Muka ɗauki wani Alhaji ɗan Maraɗi mai sayen tsofaffin motoci a Incheon, muka zama mu uku.

Unguwar Mapo ya fara kai mu. Kowane teburi da rami a tsakiya cike da garwashi, ga wani bututu ya sauko daga rufi kamar hancin giwa yana zuƙe hayaƙi. Har mun zauna an kawo ruwa, Alhaji ya taɓa ni: "Malam, tambayi yaron nan naman mene ne." Samgyeopsal da galmaegisal. Duk alade. Yaron ya dafe kai yana ta ba da haƙuri. Ban ga laifinsa ba, a wurinsu in an ce a je gashi alade ne a gaba, naman sa sai aljihu ya yi nauyi.

Muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa layi na 6 daga Gongdeok, tasha huɗu sai Itaewon. Muka haura tudun nan zuwa babban masallaci, wanda aka buɗe tun 1976, muka yi isha'i, sannan muka faɗa wani gidan abinci mai takardar halal manne a bango.

Kafin nama ya iso an cika teburi da ƙananan kwanuka: kimchi (kabeji mai tsami da yaji), tsiron wake, tafarnuwa, latas, da wani ganye mai ƙamshi da suke kira kkaennip. Alhaji ya ce shi fa bai yi odar wannan ba. Aka ce kyauta ne, in ya ƙare ma a ƙaro. Sai ga galbi, haƙarƙarin sa, ɗanye, da almakashi a gefe. Almakashi! A gida in ka tsaya gaban mai balangu, nuni kawai za ka yi, ya yanka, ya barbaɗa yaji, ya ƙunsa maka. Nan kuwa kai ne mai saye, kai ne mai gashi. Yaron ya ce ƙarami ne ke riƙe awartakin, amma girman kai ya sa na karɓe, wai ni ɗan Kano za a koya wa gashi. Minti biyu ba a yi ba gefe ɗaya ya koma gawayi. Ashe an jiƙa naman da sukari da man riɗi da ruwan waken soya, shi ya sa ba ya jimirin wuta. Wata dattijuwa ta zo ta canja ragar ba ta ce uffan ba. Kallon da ta yi mini ya isa.

Yadda ake ci: ka shimfiɗa latas a tafin hannu, ka ɗora nama da tafarnuwa da ɗan ssamjang (kwaɓin waken soya da barkono), ka dunƙule, ka jefa loma guda. Ba a gutsira. Ni ya yi mini daɗi ƙwarai. Alhaji ya tauna ya yamutsa fuska: "Nama da sukari? Wannan ai alewa ce." Sai ya zaro ƙullin yajin ƙuli daga aljihun jamfarsa. Yaron ya dangwala, ya yi tari har da hawaye, ya sake dangwalawa. Rabin ƙullin shi ya cinye.

Wajen biyan kuɗi Alhaji ya yi mana wayo, ya ce zai zaga, ashe kanta ya nufa.

Na ɗauka an tashi, yaron ya ce akwai icha, zagaye na biyu. Muka nufi Jongno 3-ga, inda rumfunan tamfol suka jeru a bakin titi, ma'aikata da kwat suna ta kwankwaɗar giyarsu soju a korayen kwalabe. Mu dai gasasshen kifi titus muka ce a kawo. Ya ce a ba mu saida, na ce a'a, sunan bai kwanta mini ba. Ya rantse saidar Chilsung lemo ce zalla, ba giya ba, sai da na karanta jikin kwalbar da wayata sannan na sha.

Hira ta yi daɗi har jirgin ƙarshe ya wuce mu. Muka tsaya cikin sanyi muna jiran motar dare mai harafin N a goshi. Kafin in hau, yaron ya riƙo hannun rigata: "Hyung, garin nan na Alhaji, a ina ake sayar da shi?" Na ce a Kano, kasuwar Kurmi. Na gan shi yana rubutawa a waya.