Kafin ku sauya yanayin kube-proxy, ku rubuta iyakokinsa

'Yan uwa masu kula da Kubernetes (tsarin da ke tafiyar da manhajoji a kan tarin na'urori) a nan Legas, daga Yaba zuwa Ikeja, abin da ke yawan kayar da mutane shi ne ɗaukar sauya mode (yanayi: iptables, IPVS ko nftables) a ConfigMap (ma'ajiyar saiti) na kube-proxy, manhajar da ke kai saƙo ga Service a kowace na'ura, kamar gyaran layi ɗaya ne kawai.

Matsalar tana cikin ragowar tsohon yanayi. Yanayin IPVS na ƙirƙirar kube-ipvs0, wani mahaɗin sadarwa na cikin na'ura, yana ɗora masa adireshin kowane Service (ƙofar da ake isa ga manhaja ta cikinta). Idan aka koma iptables aka bar shi, na'urar za ta ci gaba da ɗaukar adireshin a matsayin nata, saƙo ya tafi inda bai kamata ba. Maganinsa: a kwashe aikin daga na'urar da kubectl drain, a gudanar da kube-proxy --cleanup ko a sake kunna na'urar, sannan a maido da ita bakin aiki da kubectl uncordon. Na'ura ɗaya bayan ɗaya, kuma ba da rana tsaka lokacin da ciniki ya kankama ba.

Mai shiga nftables, wanda ya zama tabbatacce a sigar Kubernetes 1.33, sai kernel (zuciyar Linux) ɗin na'urarsa ya kai 5.13. A nftables kuma NodePort (ƙofar Service da ake buɗewa a kan na'urar) ba ya amsawa ta 127.0.0.1, adireshin na'urar ga kanta, kamar a iptables, don haka duk manhajar da ta dogara da wannan za ta tsaya. Mai MetalLB (manhajar da ke ba Service adireshin waje) da ke shiga IPVS ya kunna saitin strictARP na kube-proxy.

A ganina takardar aiki da ta ce "ana iya sauyawa" amma ta yi shiru a kan waɗannan, yaudara ce. Ku rubuta har da yadda ake komawa baya, da gwajin DNS (mai mayar da suna zuwa adireshi, galibi ta hanyar UDP), domin tsofaffin bayanan UDP a conntrack, rajistar haɗin sadarwa ta kernel, kan makale.