Godiya ga duk wanda ya tsaya mana a taron 'yan mazan jiya

Assalamu alaikum jama'a.

Alhamdu lillahi, taron karrama 'yan mazan jiya na unguwarmu a nan Zariya ya tashi lafiya. A madadin kwamitin shirya taro nake wannan godiya, don ba zai yiwu mu bi kowa gida-gida ba.

Mun tsayar da taron ne a 15 ga Janairu, ranar da Najeriya ke tunawa da sojojinta, wadda kuma ita ce ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Kuma idan akwai garin da ya kamata ya yi irin wannan taro, to Zariya ce. Tun 1924 ake horar da kuratan soja a Defo, cibiyar horon soja da ke garin nan. Sunan barikin Chindit na nan Zariya ma ya samo asali ne daga rundunar da ta yi yaƙi a dazukan Burma, wadda bataliyoyin Najeriya suka shiga cikinta a 1944. Kusan kowane layi a unguwar nan akwai gidan soja.

Godiyarmu ta farko ga iyayenmu tsofaffin sojoji, da suka fito duk da sanyin hunturu da ciwon ƙafa. Akwai na yaƙin basasa, akwai na ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, da suka je Laberiya da Saliyo, akwai kuma matasan da suka dawo daga Borno da rauni. Lokacin da aka busa bigila, wani baba da jikokinsa suka riƙo har kujera ya miƙe da kansa, lambobinsa maƙale a ƙirjin babbar riga, ya ba jikansa sandar, ya ƙame. Hannunsa na rawa, amma bai sauke ba sai da aka gama. Baba, Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Sai iyayenmu mata da ƙannenmu da mazajensu suka kwanta dama a bakin daga. Da gangan muka ba su sahun gaba, kuma ina ganin wannan ne abu mafi daidai da kwamiti ya yi. Soja idan ya faɗi, ana yi masa faretin ban kwana a tashi. Matarsa ce ke ci gaba da kuɗin makaranta da kuɗin haya, da yawon takardun haƙƙin mamaci daga wannan ofis zuwa wancan. Wata baiwar Allah ta zo da goyo a baya, hoton mijinta cikin kaki a hannu. Mun san zuwan nan ya fama muku ciwo, kuma kuka daure kuka zo. Mun gode.

Muna godiya ga mai unguwa, Allah Ya ja zamaninsa, da liman da fasto da suka yi wa mamatan addu'a ɗaya bayan ɗaya. Godiya ga matan da suka kwana a bakin murhu suka fitar da waina da dafa-duka, da samarin da suka kafa rumfa tun asuba suka kuma share filin bayan an watse, da 'yan agaji, da wanda ya ba mu aron lasifika da janareta ya ƙi karɓar ko sisi.

Shinkafa da atamfa da aka tara duk an raba, sai dai akwai gidajen marayu da rabon bai kai gare su ba. Littafin gudummawa yana nan a buɗe a wurin ma'ajin kwamiti har ƙarshen wata, kuma za mu karanta lissafin shige da fice a taron unguwa mai zuwa. Wanda ya san matar soja ko tsohon soja mara lafiya da sunansa bai shiga ba, don Allah ya sanar da mu.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya tsare waɗanda ke bakin daga yanzu, Ya saka wa kowa da alheri. Amin.