Na sauka lafiya a Kuala Lumpur: godiya ga waɗanda suka riƙe ni a hanya

Assalamu alaikum. Yau kwanana huɗu a Malesiya, sai yau kumburin ƙafata ya sace, barcina ya fara komawa dare. Waɗanda suka yi ta kira ba su same ni ba, ku gafarce ni. Alhamdu lillahi ina cikin ƙoshin lafiya. Akwai mutanen da nake son gode wa a bainar jama'a, duk da cewa wasunsu ba sa jin Hausa, kuma ba na tsammanin rubutun nan zai taɓa kai musu.

Shekara uku ina zubin adashi saboda wannan tafiya. Ba karatu ya kawo ni ba, ba fatauci ba, ganin ƙasar Allah kawai, da jakar goyo ɗaya mai kilo 7. Da yawa sun ce wauta ce. Umma ba ta ce ba. Cewa ta yi in ɗinka aljihu a cikin wandona in zuba dalolin a ciki, kada in cire ko da barci zan yi, sannan ta dafa kaina ta yi addu'a. Umma, Allah Ya saka miki da gidan Aljanna.

Daga Kano zuwa Adis Ababa wajen awa 5 ne, ba a sha wuya ba. A can aka yi zaman jira cikin sanyin da ban shirya masa ba, don birnin a kan tudu yake, sama da mita 2,300. Wani Alhaji ɗan kasuwa mai tafiya Gwanzu ta ƙasar Sin ya ji ina waya da Hausa, ya yafito ni, ya buɗe ƙunshin kilishi ya ce mu cinye a nan tunda ba a shiga da nama inda za mu. Ya duba katina na rigakafin ciwon shawara, ya tambaya ko na cike fom ɗin shiga Malesiya da ake cikewa ta intanet, ya ce: "Yaro, kada ka canza kuɗi da yawa a filin jirgi, cikin gari ya fi daraja." Jirginsa ya riga nawa tashi. Alhaji, Allah Ya sa wa kasuwa albarka.

Zangon na biyu shi ne mai tsawon, ya haura awa 10. Jirgi ya doshi gabas, dare ya gajarce, gari ya waye tun idona bai rufu ba, lissafin lokutan salla ya rikice mini. Kan hanya zazzaɓi ya rufe ni. Dattijuwar da ke kusa da ni, 'yar Malesiya ce mai komawa gida, ta ga ina rawar ɗari ta lulluɓa mini bargonta a kan nawa, ta sa aka kawo ruwan ɗumi, ta riƙa taɓa ni tana nuna mini in miƙe in taka saboda ƙafa. Kalma biyu ta koya mini kafin mu rabu, terima kasih, wato na gode. Ita na fara faɗa wa.

Filin jirgin yana Sepang, fiye da kilomita 50 daga birni. Akwai jirgin ƙasa mai sauri da ke kai mutum cikin kusan rabin awa, amma kuɗinsa ya fi ƙarfina, sai na shiga bas. Wajen bakwai rana ba ta gama faɗuwa ba, gonakin kwakwar manja hagu da dama, motoci na bin hannun hagu. Daga tashar KL Sentral na hau jirgin cikin gari, tasha ɗaya na sauka a Pasar Seni, kusa da titin Petaling inda masaukan masu jakar goyo suka yi yawa.

A nan jarrabawar ta zo. Masaukin da na kama gado ya soke kamun tun ina sama, saboda katin bankina ya ƙi biya, kuma babu sauran gado. Na leƙa biyu a kusa, duk a cike. Ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya, wayata saura kaɗan ta mutu, ringit ɗin hannuna, wato kuɗin ƙasar, ba su kai kuɗin otal ba, masu canji sun rufe. Baƙo ko da ido makaho ne, a daren na gane haka.

Na faɗa wani gidan abinci irin na Musulmi 'yan asalin Indiya, da ake kira mamak, masu kwana a buɗe. Dattijon da ke wurin ya dube ni sharkaf, bai tambaye ni komai ba. Ya karɓi wayar ya jona a bayan teburinsa, soket ɗinsu ma irin namu ne mai baki uku. Sai ya ɗauki kofi biyu ya riƙa juya shayi daga sama zuwa ƙasa har ya yi kumfa, hannunsa sak na mai shayin bakin layinmu. Teh tarik suke ce masa. Ya ajiye mini da wata lallausar gurasa soyayya, roti canai, da 'yar miya a gefe. Ina kurɓar farko hawaye suka zubo mini. Da na ciro kuɗi ya ture hannuna, ya ce musafir. Baba, Allah Ya ciyar da kai kamar yadda ka ciyar da ni.

Malesiya ta riga Najeriya da awa 7, don haka sha ɗayan darensu la'asar ce a gida. Na samu Yayana a shago. Ya bar ciniki ya shiga neman wanda ya san wani a nan, har magana ta bi ta hannun mutum uku ta isa ga wani ɗalibi ɗan Katsina da ke digiri na uku a Jami'ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa da ke Gombak. Bai san ni ba, bai san gidanmu ba. Jiragen cikin gari sun riga sun tashi aiki, ya ɗauko mota da kuɗinsa cikin ruwan nan. Wajen ɗayan dare na ji sallama a bayana, an ce: "Sannu da hanya, Malam, tashi mu je gida." Ya ba ni katifarsa ya kwanta a darduma. Ya roƙe ni kada in ambaci sunansa, na kuma yi masa alkawari.

Da asuba ya kai ni ƙaramin masallacin unguwa, surau a bakinsu. Liman ya yi ƙunuti a bayyane bayan ruku'u, hannuwa a ɗage, yadda Shafi'awa ke yi. Da gari ya waye na lura rana ta bayanmu ta fito. Mu da muka tashi muna ce wa alƙibla gabas, ga ni ina kallon yamma, Ka'aba ɗaya. Na daɗe zaune a wurin.

Jiya ya raka ni na canza kuɗi, na sayi layin waya, na samu gado mai sauƙi, sannan muka yi Juma'a a Masjid Jamek da aka buɗe a 1909, daidai mahaɗar kogin Klang da na Gombak, inda birnin ya samo sunansa.

Yaya, na gode. Ku ukun da kuka miƙa saƙo hannu da hannu, da 'yan adashinmu da suka bar mini ɗaukar ƙarshe, da duk wanda ya yi mini addu'a, Allah Ya biya ku. Malam na Gombak, iyayenka sun haifa, Allah Ya ba ka sa'ar kammala karatu. Jibi in sha Allahu zan hau bas zuwa Melaka, tafiyar kamar awa 2, kuma sabuwar lambata tana wurin Yaya. Ku ci gaba da sa ni a addu'a.