Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Takardar da Na Kasa Sa wa Hannu

Assalamu alaikum. A makon jiya mun tsaya ne a inda likita ya juyo mana da hoton zuciyar ɗana, ya nuna wani ɗan wuri da bakin biro, ya ce, "Ga hujin nan." Daga nan za mu ɗora.

Watansa bakwai a lokacin, amma in ka ɗauke shi sai ka rantse bai wuce uku ba. Likitan ya zana mana zuciya a takarda, ɗaki huɗu, biyu sama biyu ƙasa. Ya ce bangon da ya raba ɗakunan ƙasa ne bai gama haɗewa ba tun yana ciki, shi ya sa jini ke kwarara zuwa huhu fiye da ƙima. A ranar na gane dalilin gumin da ke jiƙa masa goshi in yana shan nono, da hakin da yake yi kamar wanda ya sha gudu. Ya ce kusan jariri 1 cikin 100 ana haifarsa da wata matsala a zuciya, kuma ƙananan huji sukan toshe da kansu. Na ɗana babba ne. Sai tiyata.

Wata uku muka yi muna fafutuka. Ba zan ja ku da labarin neman kuɗi ba, mun sayar da abin da za a iya sayarwa, mun ƙwanƙwasa ƙofofin da ban taɓa zaton zan tsaya a bakinsu ba. Sau biyu ana sa rana ana ɗagawa: na farko zazzaɓi ya rufe shi ana gobe aiki, na biyu aka ce babu gado a ɗakin kulawa ta musamman. Cikin dangi kuwa ra'ayi ya rabu. Wasu suka ce a bar wa Allah, yanka ƙirjin jariri ganganci ne. Ban ga laifinsu ba, don ni ma abin da ke raina ke nan, ban dai furta ba.

Da rana ta uku ta tsayu, da yamma aka kawo mana takardar amincewa. Likitan bai ɓoye mana komai ba. Ya ce za a tsayar da zuciyar yaron gaba ɗaya, a mayar da jininsa cikin wata na'ura da za ta yi aikin zuciya da huhu har a gama ɗinkin. Don ya kwantar mana da hankali ya ƙara da cewa tun 1953 ake aiki da irin wannan na'ura. Ni kalma ɗaya kawai na ji: za a tsayar. Maigidana ya sa hannu, ya miƙo mini biro. Wallahi yatsuna suka ƙi rufuwa. Na ce a ba ni zuwa safe.

Abin da ya fi cutar yaron cin raina a daren shi ne zargin kaina. Na taso ina jin cewa mai imani ba ya tsoro. To ga ni ina rawar jiki, ke nan duk sallar dare da addu'ar da na yi wata uku a banza? Na fara tunanin ko tun asali imanin nawa na fatar baki ne.

Gwaggona, yayar mahaifina, ita ke kwana da ni a asibitin. Mace ce mai ƙarancin magana wadda ta daɗe tana koyar da karatun Alƙur'ani. Can cikin dare ta ga ina zaune na zuba wa yaron ido, sai ta ce, "'Yar nan, me ya hana ki barci?"

Na ce, "Gwaggo, ina jin ba ni da tawakkali. Tsoro nake ji."

Ta yi shiru, sannan ta ce in buɗe Suratul Ƙasas, aya ta 7. Na san ayar, kowa ya san ta. Allah ya yi wa mahaifiyar Annabi Musa wahayi: ki shayar da shi, in kin ji masa tsoro ki jefa shi a kogi, kada ki ji tsoro, kada ki yi baƙin ciki, lalle za mu mayar miki da shi, kuma za mu sanya shi cikin manzanni. Gwaggo ta ce, "Umarni biyu, hani biyu, alkawari biyu, duk a aya ɗaya. Yanzu sauka zuwa ta 10."

Na sauka. Zuciyar uwar Musa ta wayi gari fayau, babu komai a cikinta, har ta kusa tona asirinsa, ba don Allah ya ɗaure mata zuciya ba.

"Kin gani?" in ji Gwaggo. "Ita wannan, Allah da kansa ya ce mata kada ta ji tsoro, ya yi mata alkawari ƙarara. Duk da haka ta kwana ta tashi zuciya a fanko. Kuma bai kira ta marar imani ba. Ɗaure mata zuciyar ya yi."

Sau nawa na karanta surar nan a rayuwata, ban taɓa tsayawa a wannan ayar ba. Kullum ina tsallakawa zuwa ta 13, inda aka mayar mata da ɗanta don idonta ya yi sanyi, ta kuma san alkawarin Allah gaskiya ne. Ashe tsakanin alkawari da cikarsa akwai wata safiya da uwa ta tashi hannunta ba komai. Kuma ba ta naɗe hannun ta zauna ba, ta ce wa 'yar'uwarsa ta bi sawunsa. Gwaggo ta tuna mini da yaƙin Khandaƙ, shekara ta 5 bayan hijira, inda Suratul Ahzab ta ce idanu sun karkata, zukata sun kai maƙogwaro, an girgiza muminai girgiza mai tsanani. Sahabbai ke nan, Manzon Allah (SAW) yana tsakiyarsu.

Sai na yi mata tambayar da ke maƙale a wuyana. Na ce, "To Gwaggo, ni ma za a mayar mini da shi?"

Har gobe ina girmama ta saboda amsar da ta ba ni. Da wata ce sai ta ce in sha Allahu ba komai, ta rufe zancen. Ita cewa ta yi, "Wannan alkawarin uwar Musa aka yi wa, ba ke ba. Kada ki ɗora wa Allah abin da bai faɗa miki ba, ki zo daga baya ki ce ya saɓa. Manzon Allah ya riƙe ɗansa Ibrahim yana cikawa, yaro bai kai shekara biyu ba, hawaye na zuba a idonsa. Wa ya fi shi kusa da Allah?"

Maganar ta soke ni, na fashe da kuka. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta fara ƙirga mini nawa alkawuran da yatsunta. Ya ce ba ya ɗora wa rai sai abin da zai iya ɗauka. Ya ce yana kusa, yana amsa kiran mai kira. Ya ce tare da tsanani akwai sauƙi, har sau biyu ya faɗa a Suratus Sharh. Ya ce yana tare da masu haƙuri. "Waɗannan naki ne," in ji ta, "ko yaron nan ya fito da rai, ko bai fito ba."

A nan zan faɗi ra'ayina, ko da wasu ba za su ji daɗinsa ba. Muna cutar da masu jinya da kalmar "ki yi imani zai warke". Mun mayar da imani ciniki: in ya warke imaninki ne, in bai warke ba ke kika gaza. Na ga uwa a ɗakin nan da ta rasa 'yarta, ba ta fi ni zunubi ba, ban fi ta addu'a ba. Abin da Gwaggo ta ba ni a daren ya fi lallashi nauyi, shi ya sa ya iya riƙe ni.

An ce mini awa 4 kafin a yi masa allurar barci in daina ba shi nono. Ƙarfe huɗu na asuba na ɗauke shi na ba shi na ƙarshe. Yana sha yana hutawa, gumin nan na tsatsafo masa, ɗan hannunsa riƙe da bakin mayafina. Umarnin farko na ayar ne kawai ke yawo a kaina: ki shayar da shi. Na shayar da shi. Da na idar da sallar asuba na nemi malamar jinya, na ce ta kawo takardar. Hannuna bai daina rawa ba, sa hannun ma a karkace ya fito, amma na sa.

Ƙarfe takwas da 'yan mintuna aka zo ɗaukarsa. Yunwa ta sa yana kuka, yana miƙo mini hannu. Ni na rungume shi har bakin ɗakin tiyata, inda aka ja layin da ba a yarda dangi su tsallake ba. Wata malamar jinya ta tara hannuwanta. Maigidana ya raɗa mini, "Miƙa shi." Na tofa masa addu'a a ka, na miƙa. Ƙofar ta rufe, kukansa ya yi ta nisa har na daina ji.

Na zauna a benci na dubi hannuwana, babu komai a cikinsu. Na ce, ya Allah, ka ɗaure mini zuciya kamar yadda ka ɗaure tata. Ban iya wata addu'a ba sai ita, ita na yi ta maimaitawa.

An ce mana aikin zai ɗauki kamar awa huɗu. Awa huɗu ta wuce, ta biyar ta wuce. Ana cikin ta shida ƙofar ta buɗe, likitan ya fito yana sauke takunkumin fuskarsa, ya dube mu ya ce, "Ina mahaifin yaron? Ina son magana da shi."

Mu haɗu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.