Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Tafashiya da Ɓeraye

Makon jiya mun tsaya a inda na fara digiri na biyu a fannin sinadaran magani a Zariya. Yau aikin kansa za a baje: yadda ake bin tsiro har a kai ga abin da ke kashe ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a cikinsa.

Tsiron da aka ba ni tafashiya ce. Kafin komai sai an kai reshe mai ganye da fure wurin masanin tsirrai ya tabbatar da ita, ya ba da lambar ajiya. In babu lambar nan, mujallar kirki ba za ta karɓi aikin ba. Ana shanya saiwar a inuwa, a daka, a jiƙa kilo ɗaya a metanol, ruwan sinadari mai janyo maganin daga tsiro, awa 72, a tace, a ƙafar da ruwan a zafin da bai wuce digiri 40 ba. Zafi ɓarna yake yi. Tu Youyou ta ƙasar Sin sai da ta daina tafasa tazargade a 1971 kafin maganin ya nuna cikakken ƙarfinsa, aikin da ya kai ta ga kyautar Nobel a 2015.

Daga nan sai gwajin guba ta hanyar Lorke: ɓeraye 9 a rukuni uku, a ba su abin da aka tatsa daga saiwar, miligiram 10, 100 da 1000 ga kowane kilo na nauyinsu, a sa ido awa 24.

Gwajin Peters na kwana huɗu, wanda ke nuna ko maganin yana danne cutar, shi ne zuciyar aikin. Ana tsarma jinin ɓera mai ɗauke da Plasmodium berghei, ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ta ɓeraye, har mililita 0.2 ya ƙunshi ƙwayoyin jini miliyan 10 masu cutar, a yi wa kowane ɓera allurarsa a ciki. Bayan 'yan awoyi a fara magani, sau ɗaya kullum. Rukuni ɗaya kulorokwin, ɗaya ruwa zalla, sauran kuma maganin tafashiya. Rana ta biyar a ɗiga jinin wutsiya a gilashi, a rina da Giemsa, a ƙirga ƙwayoyin jini masu cutar. In ruwan rinin ya kauce daga ma'aunin tsami na pH 7.2, launi ya rikice, ɗalibi ya yi ta ƙirga datti yana murna.

Inda akasarin ɗalibai ke ɓata hanya shi ne wajen rarrabe sinadaran da ke cikin maganin kashi-kashi. Ana ɗura garin silika a dogon bututun gilashi, a zuba maganin a kai, a fara wankewa da ruwan sinadarin hekzen, a riƙa ƙara etil asitet a hankali, a ƙare da metanol. Wani farin sinadari mai kamar ƙanƙara zai fito da wuri, kyakkyawa, mai sauƙin tsarkakewa. A tura shi waje a na'urar NMR mai gano ko wane sinadari ne, a jira watanni, sakamako ya dawo: sitosterol ne, wanda kusan kowane tsiro yana da shi. Ƙarfin maganin kuwa yana can cikin baƙin kashi mai danƙo da aka ture gefe. Don haka kowane kashi sai an mayar da shi jikin ɓera kafin a ci gaba, komai tsadar ɓerayen. Wani lokacin ma ƙarfin yana ɓacewa gaba ɗaya bayan rarrabewa, domin sinadarai biyu ko uku ne ke aiki tare.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, maganar neman tallafin digiri na uku.