Gawarwakin da ba su da suna

A aji uku na jami'a, nan Bauchi, malaminmu na adabi ya ce kada wanda ya sake kawo masa sharhin littafin yaƙi da "labarin ya ƙayatar kuma ya wa'azantar". Ya ce mu bi gawarwaki ɗaya bayan ɗaya, mu ga wa marubuci ya raɗa wa suna, wa ya bari haka.

Littattafan da muka taso muna saye a kasuwar Wunti ne, na jarumai da bokaye da aljanu, waɗanda yanzu ake saurare a waya. A shafi guda jarumi zai sare dakaru dubu, mai karatu ko gezau. Su waye? Arna ne, matsafa, baƙaƙe munana, mazauna duwatsu da koguna. Gimbiya kuwa kullum fara ce sol, ga hanci har baka, ga gashi har gadon baya. Jarumin da masunci ya raina, kafin a rufe littafi sai a gano ashe ɗan sarki ne da aka jefar, wato ko jarumta ba a yarda talaka ya mallaka ba sai da jinin sarauta. Na Turawa ma ba su tsira ba, su ma marayansu yakan tashi da gadon da bai sani ba.

Batun duwatsun ne ya fi tsaya mini a rai. A ƙasar Bauchi mutanen dutse ba almara ba ne. A ƙarni na 19 duwatsun Ningi sun gagari Bauchi da Kano, kuma ƙabilu da dama sun hau tsaunuka ne don tsere wa harin neman bayi. Jikokinsu muke zama benci ɗaya da su. Wata 'yar ajinmu daga Bogoro ta ce ita tun tana ƙarama ta san ɓangaren da aka ajiye ta in ana irin wannan labari. Ajin ya yi tsit.

Wani ya ce ai nishaɗi ne kawai, kuma marubutan gadar salon suka yi daga hikayoyin Larabawa da finafinan Indiya. Da gaskiyarsa, ban ga mugun nufi a yawancinsu ba. Amma tun gasar rubuta ƙagaggun labaran Hausa ta 1933 ɗan ƙasar nan, Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya rubuta Shaihu Umar, ya bi wanda aka sace da uwar da ta bazama nemansa har ta faɗa bauta. Ashe ana iyawa.

Aikin ƙarshen zango shi ne kowa ya sake rubuta babi ɗaya ta bakin mai gadin ƙofar birnin matsafa, wanda jarumi ke fille wa kai a layi na biyu. Yawancinmu a nan muka cije, don littattafan ba su taɓa gaya mana ko me yake ci ba, balle wa zai yi masa takaba.