Wasiƙa daga Łódź: Mai zanen da ya shafe shekaru 46 yana ƙirga

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu karatu a gida,

Ina rubuto muku ne daga birnin Łódź na ƙasar Poland, inda gidan tarihin zane-zane na Muzeum Sztuki ke ajiye da allon farko na wani aiki da mai zane Roman Opałka ya sadaukar da fiye da rabin rayuwarsa a kansa.

An haifi Opałka a Faransa a 1931, iyayensa 'yan Poland ne da suka je cin rani. Sun koma gida yana ƙarami, sai yaƙin duniya na biyu ya rutsa da su, aka kwashe iyalin zuwa Jamus. Bayan yaƙin ya koyi zane a nan Łódź, sannan ya ƙarasa karatu a babbar makarantar fasaha ta Warsaw. Tun a ayyukansa na farko, waɗanda ya cika da ƙananan ɗigo-ɗigo, abin da ya dame shi guda ne: yadda za a nuna wa ido shuɗewar lokaci.

A 1965 ya ɗauki siririn buroshi da farin fenti, ya rubuta 1 a kusurwar sama ta hagu ta baƙin allo, ya bi da 2, da 3, har ya cika allon a kan 35327. Allo na gaba ya ɗora daga nan, kuma kowane allo girmansa ɗaya, santimita 196 a tsaye, 135 a kwance. Daga nesa sai ka ɗauka toka-tokan ƙyalle ne kawai. Idan ka matso, za ka ga lambobin sun fito fari tas, suna dusashewa a hankali yayin da fentin ke ƙarewa, sai su sake haske inda ya tsoma buroshin, kamar rubutun almajiri a allo tsakanin tsomin alƙalami da tsomi.

Wasu na cewa mutumin da ya maimaita abu ɗaya shekaru 46 bai ci gaba ba. Ban yarda ba, domin sauyin yana nan, a sannu yake tafiya. Ya bar baƙin fage ya koma ruwan toka, sannan daga 1972 ya riƙa ƙara kashi ɗaya cikin ɗari na fari a fagen kowane sabon allo, da nufin wata rana farar lamba ta ɓace cikin farin fage. Saboda haka ya riƙa naɗar muryarsa yana furta lambobin da harshen Poland, ko bayan ya koma Faransa a 1977. Idan ya tashi daga aiki kuma yakan ɗauki hoton fuskarsa sanye da farar riga, har gashinsa ya yi furfura a jerin hotunan.

Wajajen 2008 ya kai ga rubuta fari a kan fari. Ya yi fatan isa 7777777, amma ajali ya riske shi a Italiya a watan Agustan 2011, yana kan 5607249.

Wassalam,
ɗan'uwanku a Łódź